Katin Maki na 2025: Lissafin Shekara Guda na Sayar da Labarin Golf da Hausa

A wasan golf babu alƙalin da yake bin ɗan wasa da usur. Wanda ya zagaya ramuka 18 da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani, kuma abokin wasansa ne yake rubuta masa yawan bugun da ya yi a kowane rami. Idan an tashi sai a miƙa masa katin ya duba, ya sa hannu. In ya sa hannu a kan adadin da bai kai abin da ya buga ba, an kore shi daga gasar. In kuwa adadin ya fi abin da ya buga, sai a bar shi da kuskurensa, haka za a lissafa masa. A gasar Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo ɗan ƙasar Ajantina ya jefa ƙwallo a rami na 17 da bugu uku, abokin wasansa Tommy Aaron ya rubuta huɗu, shi kuma ya sa hannu bai lura ba. Bugu ɗayan nan da bai yi ba shi ya hana shi kunnen doki da Bob Goalby, kofin ya wuce shi.

Duk ƙarshen shekara nakan tuna da wannan labari, domin wasiƙar da nake rubuta muku a watan Disamba ita ce katina. Shekara biyu ke nan tun da na ajiye aiki a wani gidan rediyo a Kaduna, na dawo Samaru, na kama shago ɗaya a wajen Hayin Dogo, na sa tebur da kwamfuta da kyamara, na ce zan ci abinci da ba da labarin golf da harshen Hausa. Ina fitar da wasiƙar mako-mako, da bidiyo a YouTube da Facebook, da saƙon murya na minti biyar a WhatsApp, ina kuma ɗaukar hotuna a wuraren gasa. Ni ne edita, ni ne mai neman talla, ni ne kuma mai share shagon da safe.

A katin bana akwai ramin da na so in rage wa bugu kafin in miƙa muku. Zan iso gare shi. Bari mu fara daga farko, saboda sababbin masu karatu.

Golf kuma, a Zariya?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, wani lokaci da dariya. Amsar ita ce wasan ya girmi mafi yawanmu a wannan yanki. Da layin dogo ya iso Zariya a wajajen 1911, Turawa suka kafa unguwarsu ta GRA a wajen ganuwa, ma'aikatan jirgin ƙasa da fatake daga kudu suka cika Sabon Gari, kamfanoni irin su PZ suka buɗe kantuna har sunan ya bi wurin. Bature kuwa duk inda ya sauka da wasanninsa yake zuwa. Ƙwallon dawaki ta samu shiga gidajen sarauta ba da wata wahala ba, tun da doki ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Golf, wanda wasu gidajen rediyo suke kira ƙwallon lambu, ya tsaya a hannun masu albashi. Bayan tafiyar Turawa, irin su hafsoshin soja da malaman jami'a da manajojin banki ne suka gaji sandunan, kuma garin da yake da Depot na soja da Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan ba zai rasa irin waɗannan mutane ba.

A Turai da Amurka, dandalin da rami yake ciki ciyawa ce mai laushi, ana aske ta kullum ana ba ta ruwa. A tsofaffin filayen Arewa, inda rani yake cinye fiye da rabin shekara, dabara aka yi: a cakuɗa yashi da mai a shimfiɗa, kafin bugu wani ya share wa ƙwallon hanya. Filin Rayfield na Jos, wanda aka kafa a 1913, yana cikin mafiya tsufa a ƙasar nan. Najeriya ma ta taɓa zama zangon manyan 'yan wasa. Sandy Lyle ya ci gasar Nigerian Open a 1978, Vijay Singh ya ci ta a 1988 da 1989, kuma dukansu biyun sun je sun ɗauki kofin Masters daga baya.

Ni dai tsautsayin aikin makaranta ne ya kai ni. Muna shekarar ƙarshe a sashen koyon aikin jarida, malaminmu ya ce kowa ya je wurin da bai taɓa shiga ba a garin nan ya rubuto labari. Na nufi GRA da niyyar kallon ƙwallon dawaki, ban tarar da ko doki ɗaya ba, ɗan acaɓan da ya kai ni ya ce akwai wani filin da manya suke bin ƙaramar ƙwallo da ƙafa. A can na haɗu da wani dattijo da zan kira Baba kawai, yana saɓe da jaka mai sanduna 14, iyakar abin da doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe. Shi kadi ne, wato mai ɗaukar jaka. Ranar na gane cewa ɗaukar jakar ita ce mafi ƙanƙantar aikinsa. Shi ya san nisan rami da ido, ya san inda iska za ta karkatar da ƙwallo, shi yake zaɓa wa maigida sandar da zai buga da ita. Labarin Baba na rubuta, kuma tun daga nan ban bar wasan ba.

Inda kuɗin suka fito

Idan aka kasa duk abin da ya shigo hannuna a 2025 kashi goma, huɗu sun fito ne daga hannun mutum ɗaya, wani ɗan kasuwa mai son wasan da ya ɗauki nauyin shirina na bidiyo, ana sa sunan kamfaninsa a farko da ƙarshe. Uku daga ɗaukar hoto a gasanni: kulob ko wani babban mutum ya shirya gasa, a kira ni in ɗauka, a biya ni. Biyu daga gare ku masu biyan kuɗin wannan wasiƙa, waɗanda kuke turowa ta banki, ni kuma in rubuta sunayenku a littafi da biro. Ɗaya, shi ma da ƙyar, daga tallan YouTube.

Wannan na ƙarshen shi ne matasa suka fi tambayata a kai, don haka bari in yi bayaninsa. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai dogon bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Daga nan rabonsa kashi 55 cikin ɗari ne, kuma ba a turo masa ko sisi sai abin ya kai dala 100. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, farashin talla yana bin mazaunin mai kallo ne. Kamfanin da yake sayar da sandar golf ta ɗaruruwan daloli zai biya da tsoka don tallarsa ta kai ga ɗan wasa a Amurka. Ba shi da abin da zai sayar wa matashin da yake kallona a Muciya da data ta naira ɗari biyu. Kallo dubu na wancan da kallo dubu na wannan sunansu ɗaya, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ɗawainiya kuwa ba ta jira kowa ba. A watan Janairu hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, ni kuwa data ita ce jarina. Litar fetur, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a Mayun 2023, ta haura naira 800 a mafi yawan shekarar, kuma gasa ba ta zuwa Samaru ta same ni, sai na bi ta Kaduna ko Kano ko Jos. Batirin kyamara da makirfo da dala ake sayensu, dalar kuma ta yi ta yawo a wajajen naira 1,500 a 2025. Abin da ya rage mini zafi shi ne ƙaramar sola da na saya bayan duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, lokacin da aka yi kwanaki babu wuta kwata-kwata.

A taƙaice, sana'ar ta ciyar da gida, ta biya haya, ba ta bar ajiya ba. Jimillarta ta ɗara albashina na rediyo, sai dai albashi ya san ranar zuwansa, wannan kuwa bai sani ba.

Su wa suke saurare

Da na fara, na ɗauka masu buga wasan ne za su zama jama'ata. Na yi kuskure. Mai buga golf yana da DStv a falonsa, yana jin Turanci, ba ya buƙatar in fassara masa komai. Abin da yake so a wurina hotonsa ne yana karɓar kofi. Masu buƙatar bayanin su ne kadi da masu gadi da masu yankan ciyawa, mutanen da suke wuni a cikin wasan amma babu wanda ya taɓa ba su labarinsa da harshensu.

Na tabbatar da haka a daren 13 ga Afrilu, mako biyu bayan Ƙaramar Sallah. A daren ne Rory McIlroy ya doke Justin Rose a bugun raba gardama ya ci Masters, ya zama mutum na shida a tarihi da ya haɗa manyan kofuna huɗu na wasan, bayan ya yi shekara 11 bai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. An tashi bayan sha biyun dare agogonmu. Na naɗi murya a lokacin, na tura, na kwanta. Kafin in dawo daga sallar asuba saƙon ya kai Kaduna da Kano da Jos da Abuja, wayata ta cika da tambayoyi. Kusan babu wanda ya tambayi McIlroy. Harry Diamond suke tambaya, abokinsa na ƙuruciya da yake ɗaukar masa jaka: shi nawa zai samu? Na ce bisa al'adar manyan gasanni, kadi yakan samu kashi 10 cikin ɗari idan maigidansa ya ci kofi, kyautar bana kuma dala miliyan 4.2 ce. Wani ya turo mini murya, bai ce komai ba sai salati.

Wannan ya sa na shiga kawo tarihin zakarun da suka fara da ɗaukar jaka: Francis Ouimet da ya ci US Open a 1913, Seve Ballesteros na Sifaniya, da shi kansa De Vicenzo. Wanda aka fi saurare a duk shekarar shi ne labarin Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya daga Durban a Afirka ta Kudu. Kadi ne, bai yi makaranta ba, riƙon sandarsa ma a juye yake, amma ya ci Dutch Open sau uku, ya ci Natal Open a 1963 da 1965, a ta biyun har da Gary Player a cikin waɗanda ya kayar. Saboda dokar wariyar launin fata ba a bar shi ya shiga zauren kulob ba, a waje aka miƙa masa kofi ana ruwan sama. Wani yaro ya ce mini sau huɗu ya saurari labarin.

Su ne kuma suka gyara mini Hausata. Na sha wahalar ƙirƙiro kalmomi a kan tebur, ashe su sun daɗe da nasu. Ƙwallon da ta faɗa tafki "ta sha ruwa", wadda ta kauce hanya "ta shiga jeji", wadda ta zagaya bakin rami ta ƙi faɗawa "ta leƙo ta koma".

To ga inda gizo yake saƙar. Masu saurarona ba su da abin biya, masu abin biya kuma ba saurarona suke yi ba. Kashi bakwai cikin goma na abincina yana fitowa daga aljihun manyan fili, amana kuwa ƙananan fili ne suka ba ni. Muddin buƙatun ɓangarorin biyu ba su yi karo ba, komai lafiya. A watan Yuli suka yi karo.

Ramin da na so in ɓoye

An kira ni ɗaukar hoto a wata gasa ta kwana uku a wani gari. Ba zan faɗi garin ko kulob ɗin ba. Alhajin da yake ɗaukar nauyin shirina yana cikin waɗanda suka zuba kuɗi a gasar. Daren ƙarshe aka yi liyafa, ana jawabai, ana raba talabijin da firji. Na fita ta bayan kicin don in canza batir, sai na tarar da masu ɗaukar jaka zaune a ƙasa, a wurin da ruwan yamma ya jiƙa. Zagaye ɗaya na ramuka 18 tafiya ce ta kilomita takwas ko fiye, da jaka mai nauyi a kafaɗa, kuma sun yi ta kwana uku a jere. An ba su rabin abin da aka yi musu alkawari, an ce sauran sai daga baya. Wasu daga wasu garuruwa suka zo da kuɗin motarsu, abin da aka ba su ba zai mayar da su gida ba.

Na yi sallama, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Malam, ba kai ne mai muryar nan ta WhatsApp ba?" Na ce ni ne. Suka taso suka kewaye ni. Babbansu ya ce, "Malam, don Allah ka faɗa wa duniya." Na naɗi muryar mutum bakwai. Na sami ɗaya daga cikin masu shirya gasar, ya ce ƙaramar matsala ce, za a gyara. Daga nan na koma zaure, na ci kaza, na ci gaba da ɗaukar hoto.

A mota na rubuta labarin kafin mu iso Kwangila. Ban fitar da shi ba. Mako uku yana cikin kwamfuta. Na ce wa kaina ina jiran ƙarin bayani ne, ina son jin ta bakin kowa, duk irin maganganun da aka koya mana a aji. Gaskiyar ita ce ina tunanin kuɗin da yake shigowa daga Alhaji duk ƙarshen wata, da kuɗin makarantar yara da yake jirana a Satumba. A makon da ya kamata ku karanta labarin waɗannan mutane, hotunan liyafa na turo muku, da kalaman yabo a ƙarƙashin kowane hoto. Kuna iya komawa ku duba, ban goge su ba.

Wata ranar Juma'a da yamma na tarar da Baba a teburin mai shayi a Sabon Gari. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗan nan, ina labarin yaran can? Sun ce ka ɗauki muryarsu."

Na ce, "Baba, ina kan bincike."

Ya kurɓi shayinsa, ya ce, "To madalla. Mu dai masu ɗaukar jaka, ko a ina muke, in muka ga maigida ya gyara wa ƙwallo zama da ƙafa a cikin ciyawa, sama muke kallo, don tuwonmu yana aljihunsa. Na ɗauka kai da ka yi boko ka fi mu 'yanci. Ashe kai ma jaka kake ɗauka."

Da dare na zayyana wa maiɗakina komai. Malamar firamare ce, ta fi ni iya lissafi. Ta ce, "Malam, in ka fitar me za mu rasa?" Na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Adashina zai fito a Satumba, kuɗin makaranta ba zai gagara ba in Allah Ya so. Amma ni ba zan iya da mutumin da yake juyi a shimfiɗa har asuba ba."

Washegari na kira Alhaji, domin bai kamata ya tsinci labarin a waya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da zan fitar gobe, na ga ya dace ka ji daga bakina." Ya saurare ni har na gama. Ya ce ba shi ya rage kuɗin yaran ba, kuma na yarda da shi. Ya ce in bari a gyara a cikin gida. Na ce mako uku ke nan ana gyarawa. Sai ya ce, "Haba ɗan jarida. Mu da muke rufa maka asiri, kai ne za ka tona namu?"

Na fitar da labarin ba tare da sunan kowa ba, sai muryoyin mutum bakwai ɗin da izininsu. Cikin kwana huɗu aka biya su, kuma adalci ne in faɗa cewa Alhajin ne ya cike giɓin daga aljihunsa. Daga ƙarshen Agusta kuɗinsa bai sake shigowa ba. Gasa biyu da aka saba kirana a kaka, ba a kira ni ba.

Wasu daga cikinku sun yaba mini a lokacin, na karɓi yabon ban ce komai ba. Ba ku san da makonni ukun ba. A gasar US Open ta 1925, ƙwallon Bobby Jones ta motsa a cikin ciyawa lokacin da yake shirin bugu, ya ci kansa tarar bugu ɗaya, kuma wannan tara ta sa sai da aka je raba gardama, ya rasa kofin. Ni ma ga tawa tarar, na rubuta ta a kati.

Tsakanin jarida da roƙo

A 1957 masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya wallafa nazari a kan roƙo a ƙasar Hausa. Ya nuna yadda maroƙi yake bayyana matsayin mutane a bainar jama'a yana ƙarfafa shi, da yadda yabo yake iya juyewa ya zama zambo idan aka hana shi. Na sake karanta shi a watan Agusta, na ga kaina a ciki fiye da yadda nake so. Amma na ga inda maroƙi ya fi ni gaskiya. Shi ba ya ɓoye ubangidansa. Da ƙarfi yake kiran sunansa, a gaban kowa ake miƙa masa kyauta, mai sauraro ya san abin da yake ji. Ni kuwa na yi roƙo a cikin rigar ɗan jarida, mai karatu yana zaton labari nake ba shi.

A gidan rediyon da na bari, ofishin talla daban yake, ɗakin labarai daban. Ba na ce katangar ba ta da ɓaraka ba, duk wanda ya yi aikin nan ya san ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota. Amma ko ba komai akwai edita da bai ci kazar ba, wanda zai iya tambayarka ina labarin da aka aike ka. Mai sana'a shi kaɗai ba shi da wannan. Wanda ya karɓi kuɗin talla da safe shi ne zai yanke hukunci a kan labari da yamma, kuma cikinsu ɗaya. Masu kwaɗaitar da matasa su ajiye aiki su ci gashin kansu a intanet suna maganar 'yanci, ba sa faɗa musu cewa mai gidaje uku da yake biyansu ya fi shugaban ma'aikata iko a kansu, tun da shi ba ya buƙatar takardar kora.

Matsalar ba sabuwa ba ce a garin nan. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, Abubakar Imam kuma ya yi aikinsa a tsakanin hukumar da take riƙe da jaridar da jama'ar da suke karanta ta. Sunan jaridar kansa lissafi ne: ga farashi, ga abin da ya fi farashin. Ni da nake zaune a garin da aka raɗa wannan suna, na yi mako uku ina auna kwabon.

Abin da ya biyo baya, da shirin 2026

Bayan labarin masu biyan kuɗin wasiƙa sun ƙaru. Wani malamin jami'a mai ritaya ya biya na mutum goma, ya ce in ci gaba da tura wa yaran murya kyauta. Na gode ƙwarai, amma kada a ɗauka ramin ya cike. Abin da ya ƙaru bai wuce sulusin abin da na rasa ba. Daga Oktoba zuwa yau, hotunan biki da na saukar karatu a Sabon Gari da Samaru ne suka riƙe shagon, adashin maiɗakina ya biya kuɗin makaranta, kuma har yanzu ban mayar mata ba.

Ga abin da na ɗaure wa kaina a shekara mai zuwa, na rubuta shi a nan don ku riƙe ni da shi.

Na farko, duk gasar da aka biya ni in ɗauki hoto, zan rubuta a saman shafin cewa an biya ni. Zan kuma faɗa wa mai gasar tun kafin mu yi ciniki cewa hoto nake sayarwa, abin da idona ya gani a bayan kicin ba ya cikin cinikin.

Na biyu, ba zan sake bari mutum ɗaya ya riƙe fiye da rubu'in abin da nake samu ba, ko da hakan yana nufin in bi ƙananan 'yan kasuwa biyar maimakon babba ɗaya.

Na uku, saƙon murya zai ci gaba da zama kyauta. Kuɗin da kuke biya na wannan wasiƙa shi ne yake ɗauke da shi, kuma ina so ku san haka: kuna biya ne don wanda ba zai iya biya ba ya ji.

Na huɗu, duk labarin da na riƙe fiye da mako guda, zan nuna wa wani tsohon abokin aikina da ba ya cin komai a golf, ya tambaye ni dalili. Editan aro ne, amma ya fi babu.

Na biyar, ɗaya daga cikin mutum bakwai ɗin nan, matashi mai shaidar kammala sakandare, ya fara zuwa shago ranar Litinin da Talata yana koyon kyamara. Idonsa ya fi nawa sanin inda ƙwallo za ta sauka.

Akwai kuma wa'adi. Idan har zuwa Babbar Sallah kuɗin masu karatu bai kai ya biya hayar shago da data ba, zan nemi aikin rabin lokaci, in mayar da golf aikin ƙarshen mako. Na gwammace in rage shi da in koma rubuta yabo a ƙarƙashin hoton liyafa.

Na kai wa Baba wannan lissafi kafin in turo muku, na karanta masa a teburin mai shayin nan. Da na zo kan wa'adin sai ya ce, "Shekara nawa ka yi kana wannan abu?" Na ce biyu. Ya yi dariya, ya ce shi sai da ya shekara biyar yana ɗaukar jaka kafin wani ya fara tambayarsa wace sanda zai buga da ita.

Ga katin nan na sa hannu. Ku ne abokan wasana, ku kuka ga bugun. Idan kun ga inda na rubuta uku alhali huɗu na buga, ku faɗa mini kafin a rufe littafin. Allah Ya kai mu baɗi da rai da lafiya.

Samaru, Disamba 2025.